Tarihin Alƙalami Mai Shan Tawada da Sha'anin Bakinsa

Ina so in yi amfani da filin da edita ya ba ni a wannan fitowa in yi bayani a kan wani abu da kowannenmu ya taɓa soke shi a aljihun rigar makaranta, wato alƙalami mai shan tawada. Waɗanda muke haɗuwa da su a taron shekara sun san cewa tun da na ajiye aiki na duƙufa wajen tara tsofaffin alƙaluma, ina gyara su, ina zane da su, har abokan wasa suna kirana ɗan gwangwan.

Abin da na fahimta a wannan harka shi ne darajar alƙalami tana bakinsa. Murfi da gangar jiki ana iya samun madadinsu, amma ɗan ƙarfen nan da ke taɓa takarda shi ne ke sa rubutu ko zane ya yi kyau ko ya ɓaci. Irin bakin da aka ƙera shekara ɗari da suka wuce kuwa yau ya yi wuya, kuma kullum raguwa yake yi. Don a gane dalili, sai mun ɗan koma baya.

Kafin alƙalami ya riƙe tawadarsa

Mu dai da alƙalamin gamba muka buɗe ido a makarantar allo. Kowane almajiri ya san yadda ake fiƙe shi da wuƙa, a tsaga bakin, a yanke shi a karkace gwargwadon kaurin rubutun da ake so. Su ma Turawa haka suka daɗe suna yi, sai dai su da gashin dinya suke fiƙe nasu. A cikin shekarun 1820 ne maƙeran birnin Birmingham na Ingila, irin su John Mitchell da Joseph Gillott da Josiah Mason, suka gano hanyar buga bakin alƙalami na ƙarfe da inji, ya yi araha har ya kai ga 'yan makaranta a duk duniya. Jikokin wannan baki ne muka tarar a firamare, muna tsomawa a ɗan kurtun da ke cikin ramin tebur, monita yana bi yana zuba tawada.

Wahalar tsomawa ta daɗe tana damun marubuta. Alƙali Nu'uman, babban alƙalin daular Fatimiyya, ya ba da labarin cewa Halifa Mu'izzu, wanda ya yi mulki daga 953 zuwa 975, ya nemi a ƙera masa alƙalami mai ɗauke da tawada a cikinsa, wanda ba zai ɓata hannu ko tufa ba, kuma maƙeri ya yi masa shi da zinariya. A Turai ma mutane da yawa sun gwada, cikinsu har da wani ɗalibi ɗan ƙasar Romaniya, Petrache Poenaru, wanda ya yi rajistar nasa a Faransa a 1827. Amma abubuwa uku sun tare wa kowa hanya.

Na farko, tawadar zamanin tana da tsami, domin da ƙarfe da ruwan wasu itatuwa ake haɗa ta, kusan yadda malamanmu ke haɗa tawadar rubutun takarda da bagaruwa da kashin maƙera. Wannan tsami yana cin ƙarfe. Zinariya ce kaɗai ba ya ci, ita kuwa tana da laushi, takarda tana goge ta nan da nan. Maganin wannan ya samu a shekarun 1830, lokacin da John Isaac Hawkins ya fara liƙa wa tsinin bakin zinariya 'yar ƙwayar wani ƙarfe mai tsananin tauri da ake kira iridiyam. Na biyu, ana bukatar abin da za a yi gangar jiki da shi wanda tawada ba za ta ci ba. Wannan ya samu bayan 1851, da aka yi rajistar roba mai tauri wadda ake iya sassaƙawa kamar itace.

Na ukun shi ne ya fi wuya, wato iska. Duk wanda ya taɓa kifa kwalba mai ƙaramin baki ya ga yadda ruwa ke tsayawa, sa'an nan ya ɓulɓulo gaba ɗaya. Dalili kuwa, ruwa ba ya fita sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Alƙaluman farko haka suke, ko su ƙi rubutu, ko su yi aman tawada a kan takarda. Wani dillalin inshora a birnin New York, Lewis Waterman, shi ne ya shahara da warware wannan a 1884. A ƙarƙashin baki ya sa wata 'yar magudana mai kwari, a cikin kwarin kuma ya yi siraran tsagogi. Tawada tana bin tsagogin tana sauka kamar yadda kananzir ke bin lagwani, iska kuma tana bin saman kwarin tana hawa. Har gobe a kan wannan dabara ake ƙera kowane alƙalami mai shan tawada. Labarin nan da ake bayarwa, wai wani alƙalami ne ya ɓata masa takardar ciniki ya yi fushi ya ƙera nasa, masu binciken tarihin kamfanin sun ɗauke shi a matsayin ƙirƙirar 'yan talla.

Zamanin gasa

Daga nan sai kasuwa ta buɗe. George Parker, malamin koyar da aikin tangaraho a garin Janesville na Amurka, wanda ya saba gyara wa ɗalibansa alƙaluma, ya kafa kamfaninsa a 1888. A lokacin, sai an kwance alƙalami an ɗura masa tawada da ɗan bututun ɗiga maganin ido. Saboda haka gasa ta koma kan hanyar cikawa. Roy Conklin ya sa tumbin roba a ciki, da wani ɗan ƙarfe mai siffar jinjirin wata da ake dannawa. Walter Sheaffer, mai shagon kayan ado a garin Fort Madison, ya yi rajistar ɗan maɗagin nan na gefe a 1908, wanda in ka ɗaga shi ya matse tumbin, in ka sake shi ya zuƙi tawada. A Jamus kuma kamfanin Pelikan ya fito a 1929 da mai zuƙa kamar sirinji, da 'yar taga ta duba tawada.

Ado ma ya shigo. A 1921 Parker ya fitar da Duofold, ƙato ja, a kan dala 7, alhali kusan duk alƙaluman zamanin baƙaƙe ne. A 1924 Sheaffer ya koma amfani da seluloid, wata irin roba mai ɗaukar launi iri-iri, kuma a wannan shekarar ce Montblanc na birnin Hamburg ya fara sunan Meisterstück. A Ingila akwai Swan da Onoto da Conway Stewart, irin waɗanda muka riƙa gani a aljihun akawuna da manyan malamai. Japan ma ba a bar ta a baya ba: Sailor ya fara a 1911, Pilot a 1918, Platinum a 1919. Mu 'yan makaranta kuwa rabonmu shi ne Platignum da Osmiroid na Ingila, daga baya kuma Hero na birnin Shanghai, wanda araharsa ta sa kowa ya samu.

Yadda baki ya sandare

Nan ne inda nake so 'yan'uwa su lura. Bakin alƙaluman farko sirirtacce ne mai lanƙwasa. Tsagar da ke tsakiyarsa ta raba shi haƙora biyu. Idan ka ja shi a hankali sai ya ba ka layi kamar silin gashi, idan ka ɗan danna sai haƙoran su buɗe layin ya yi kauri, kana sassautawa su koma su haɗe. An yi shi haka ne don rubutun zamanin, mai siriri a hawa da kauri a sauka, irin wanda muke gani a tsofaffin takardun shaida. Har a 1927 Waterman ya fitar da wani jeri da aka bambanta bakunansu da launi, mai alamar ruwan hoda shi ne siriri mai lanƙwasa, kuma yau masu tarawa suna neman sa ruwa a jallo.

To, sai abubuwa suka taru suka kashe wannan baki. Ofisoshi sun koma aiki da takardar kabon, wadda sai an danna sosai kafin kwafi na uku ya fito, baki mai laushi kuwa ba ya jure haka. Kamfanoni kuma sun shiga ba da lamunin shekaru masu yawa, Sheaffer ma har na tsawon rai, don haka suka riƙa ƙera baki mai kauri wanda ba za a dawo musu da shi a lanƙwashe ba. A 1941 Parker ya fitar da Parker 51, wanda aka ɓoye bakinsa cikin ƙoƙo sai ɗan tsini kawai ake gani. Alƙalami ne nagari ƙwarai, ba ya yoyo, ba ya bushewa, amma layinsa ɗaya ne tal. Shi ne Hero ya kwaikwaya, shi ya sa yawancinmu ba mu taɓa riƙe baki mai lanƙwasa ba.

Sa'an nan biro ya zo. Sunan ma na mutum ne, László Bíró, ɗan jarida daga ƙasar Hungari, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1938, ya kuma sake yi a Ajantina a 1943. A watan Oktoba na 1945 wani kanti a New York ya sayar da biron Reynolds a kan dala 12 da rabi, mutane suna layi. A 1950 Marcel Bich na Faransa ya fito da Bic mai arahar gaske. Malamanmu sun yi iya ƙoƙarinsu, muna tune da yadda ake hana mu biro wai yana ɓata hannu, kuma da gaskiyarsu, domin biro yana koya wa hannu danna takarda. Amma guguwa ta riga ta taso. Tsofaffin ma'aikatu suka yi ta durƙushewa, har ta Sheaffer da ke Fort Madison aka rufe ta a 2008.

Abin da mai tarawa ke dubawa

Yawancin alƙaluman da ke hannuna daga akwatunan dattawa suka fito, wasu kuma daga masu sayar da tsofaffin kaya, wasu 'ya'yana suka saya mini ta intanet. Idan alƙalami ya shigo hannuna, bakin nake fara dubawa da gilashin masu gyaran agogo. Ina duba ko ƙwayar tsinin tana nan a haƙoran biyu, ko akwai tsagewa a gindi, sa'an nan in karanta tambarin. Idan an rubuta 14K ko 14CT ko 585, to zinariya ce, kashi 585 cikin 1000. Jiki ma yana ba da labari. Waterman mai lamba 52, alal misali, 5 tana nufin mai maɗagi ne, 2 kuma girman bakin. Parker 51 na Amurka na shekarun 1940 yana da lamba ɗaya da ɗigogi a jikinsa: 7 da ɗigo uku na nufin an yi shi a wata ukun farko na 1947, in babu ɗigo kuwa a wata ukun ƙarshe.

Tumbin roba kusan kullum za ka same shi ya bushe ya farfashe, amma wannan ba ciwo ba ne, ana kankare shi a liƙa sabo. Abin tsoro shi ne gaggawa. Roba mai tauri tana kodewa in ta sha rana ko ta jiƙa. Seluloid yana kama wuta kamar fetur, don haka ba a kusantar da shi ga harshen wuta wai don a sassauta shi. Wasu alƙaluman Ingila kuma, musamman na Conway Stewart, an yi su da wata roba da ake samu daga madara, in aka jiƙa su a ruwa sai su kumbura su lalace. Zafin ƙasarmu ma yana da nasa: idan tawada ta yi rabi, iskar da ke ciki tana buɗewa da ɗumin jiki ta turo tawada waje. Wannan ne asalin shuɗin tabon nan na aljihu da ya jawo wa da yawa daga cikinmu faɗa ranar duba tsabta.

Gyaran baki don zane

Mai rubutu yana son layi ɗaya mai kyau. Mai zane yana son layi iri-iri daga alƙalami ɗaya. Ni abin da na fi zanawa shi ne tsofaffin gine-ginenmu na ƙasa, zaure da soro da zankwaye da ragowar ganuwa, kuma a nan ne na ga amfanin kowane irin baki. Tsohon baki mai lanƙwasa shi ne sarki wajen itace da mutane da ninkin babbar riga, domin layi ɗaya yana farawa siriri ya yi kauri ya sake sirancewa ba tare da an ɗaga hannu ba.

Wanda bai samu wannan ba, sai ya koma ga abin da almajiri ya sani, wato fiƙewa. Kayan aikin ba su da yawa: dutsen wasa wuƙa mai santsi, da samfefa mafi laushi, da gilashin dubawa, da haƙuri. Idan aka goge tsinin ya yi faɗi a miƙe, to layin da ya sauko zai yi kauri, na kwance ya yi siriri, irin bakin da Osmiroid ya riƙa sayarwa a da don gyaran rubutu. Idan aka goge shi akasin haka, ya zama kamar kaifin gatari, na tsaye ne zai sirance na kwance ya yi kauri. Turawa suna kiran wannan bakin masu zanen gini, wasunsu kuma bakin Larabci, don ya dace da rubutun da ke tafiya a kwance. Da shi nake fitar da azara da layukan katanga. Ana kuma iya siranta tsini ya zama kamar allura don inuwa ta hanyar gicciya layuka. Har ila yau, yawancin bakuna idan ka juya su rigingine za su ba ka layi mafi siriri, in an ɗan goge bayan ya yi santsi.

Akwai kuma dabarar mutanen Japan da Sin, masu son alƙalami ya yi aikin burushi. Sukan tanƙwara tsinin sama kaɗan. Ka tsayar da alƙalamin ya ba ka siriri, ka kwantar da shi ya share maka wuri da baƙi. Kamfanin Sailor yana sayar da irinsa mai kusurwa 40 da mai 55, kuma wani gwanin ma'aikacinsa, Nobuyoshi Nagahara, ya yi suna a duniya saboda irin bakunan da ya ƙirƙira. Ana iya gwada wannan a gida da filaya a kan Hero ko Jinhao mai araha.

Ƙa'idar gogewa ita ce a yi kaɗan a gwada, a sake yin kaɗan a gwada, da tawada a ciki, ana zana lamba 8 a kan takarda don jin inda yake kartawa. Sau da yawa ma kartawar ba ta bukatar dutse, haƙori ɗaya ne ya ɗara ɗaya, sai a daidaita da farce. Game da tawada kuwa, kada a kuskura a zuba tawadar Indiya ta masu zane ko tawadar allo, domin dukansu suna da ƙaro, za su toshe magudana. Mai son ya shafa launin ruwa a kan zanensa ya nemi wadda aka yi don wannan alƙalami, kamar Carbon ta kamfanin Platinum, kuma ya riƙa wanke shi da ruwan sanyi, musamman da hunturu.

Wanda za a taɓa da wanda za a bari

A nan ne masu tarawa da masu zane suke samun saɓani. Na farko suna cewa a ajiye tsohon alƙalami yadda aka same shi. Na biyu suna cewa an yi shi don aiki ne, ajiye shi a akwati zalunci ne. Ni ina tsakiya, kuma ga inda na tsaya. A yi aiki da tsohon alƙalami, amma kada a kai masa dutse. Alƙalamin gamba in ka ɓata fiƙa sai ka yanke ka sake, in ya ƙare ka tafi fadama. Ƙwayar da ke tsinin bakin zinariya kuwa ba ta fi ƙwayar gero ba, abin da dutse ya ci ya tafi ke nan, kuma masu iya liƙa sabuwa 'yan ƙalilan ne a duniya, aikinsu da tsada. Haka nan baki mai lanƙwasa in aka danna shi fiye da kima, haƙoransa sukan buɗe su ƙi komawa. Saboda haka bakin ƙarfe na zamani, wanda in ya lalace za a sayi wani gobe, shi ne na gwaji. Na zinariya wanda ya girmi 1950, ko wanda aka gada daga mahaifi, a wanke shi, a daidaita shi, a bar masa siffarsa.

Wata hasarar da ta fi wannan ita ce ta rabon gado. Na sha jin an buɗe akwatin mamaci an ga alƙalami ba ya rubutu, sai a ba yara su yi wasa da shi, ko a cire bakin a kai wa maƙerin zinariya. Zinariyar da ke jiki galibi ba ta kai giram ɗaya ba, amma an narkar da aikin gwanin da ba za a sake samun irinsa ba, an kuma raba 'ya'ya da abin da ubansu ya yi shekara talatin yana sa hannu da shi.

Don haka roƙona ga 'yan'uwa shi ne kowa ya duba durowarsa da akwatin mahaifinsa. Duk wanda ya sami wani abu, ko da Platignum ne mai fasasshen murfi, ya zo da shi taron shekara mai zuwa. Zan zo da kayan aikina, wanda zai gyaru mu gyara, wanda ba zai gyaru ba a faɗa wa mai shi shekarunsa da inda aka yi shi. Ina kuma ba kwamitin zartarwa shawara a nemi izinin hukumar makaranta a ware mana awa ɗaya da ɗaliban ajin zane, su riƙa, su gwada, su ga yadda layi ke amsa wa hannu. Na yi alkawarin ba da alƙaluma goma masu araha don su koyi fiƙewa a kansu.

Allah Ya saka wa malamanmu da suka dage sai mun gyara hannunmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kuma ƙara haɗa kanmu. Amin.